Tace molasis da wanke tukunyar jan ƙarfe: abin da aka tsaya a kai

Masu dafa giyar rom a gida, irin su mutanen Niyu Zilan da doka ta ba su dama tun 1996, sun yi ta muhawara kan molasis, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an cire suga daga rake, wanda da shi ake yin rom: a tace shi ko kar a tace. Masu tacewa sun ce a sirka shi da ruwa, a ɗora a wuta ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius, a ɗan zuba tsami sannan a barshi ya kwana, da safe laka ta kwanta a ƙasa sai a janye na saman da tiyo a hankali kar a girgiza, kuma kar a sa yis sai ya huce sosai don zafi kashe shi yake. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, ni dai ina tare da masu tacewa, lakar nan ita ke kamawa a gindin tukunya ta ƙone.

Jan ƙarfen tukunyar dafa giyar kuwa aikinsa kama warin farar wuta da ke cikin giyar, in ya yi baƙi ya daina. A jiƙa shi da ruwan lemon tsami ko binega, a ɗauraye sosai a shanya ya bushe. Koren tsatsan nan guba ne, kar a raina shi. Banda bilic, banda liƙi da dalma.