Zaɓaɓɓu, keɓaɓɓu ko 'yan gata? Neman Hausar "chosen people"

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar fassara. An ba ni wani rubutu kan aƙidar Yahudawa da Kirista in mayar da shi Hausa, kusan kowane sakin layi sai "chosen people" ta fito. Ban yi wata-wata ba na rubuta "zaɓaɓɓun Allah". Da na karanta wa maƙwabcina, wani tela, sai ya tsayar da keke ya ce, "Wato su ne 'yan mowa, mu 'yan bora ke nan?" Nan na san da sauran aiki.

Tun kafin a fara jifa: ba hukuncin aƙidar nake nema ba. Kalmar da za ta faɗi abin da masu aƙidar suke nufi nake nema, ba ragi ba ƙari. Na riga na nemi shawararku, wasunku sun kawo kalmomi, zan amsa muku ɗaya bayan ɗaya a ƙasa.

Abin da na tono ke nan. A Ibrananci kalmomi biyu ne Turanci ya cusa a buhu ɗaya. Akwai "bahar", wato ya zaɓa. Akwai kuma "segulla", wadda ta zo sau 8 kacal a littattafan Yahudawa masu tsarki, wato Tsohon Alkawari na Baibul. Shida a kan Isra'ila ne, biyu a kan dukiya. A 1 Tarihi 29:3 Dawuda ya tanadi kayan ginin Haikali daga dukiyar mulki, sannan ya ƙara da zinariya da azurfa daga "segulla" tasa, wato abin da yake nasa na kansa, ba na baitulmali ba. Sai ku koma Fitowa 19:5. Ma'anar ayar, Allah yana ce wa Isra'ila: in kun yi biyayya kun riƙe alkawarina, za ku zama "segulla" tawa a cikin al'ummai, gama duniya duka tawa ce. Ku lura da sharaɗin da ke gaba, ku lura da jimlar da ke baya. To wace kalma ce za ta ɗauki wannan?

Hajiya, na ga "'yan gata" da kika kawo, wani ma ya ƙara da "'yan gaban goshi". A bakin Bahaushe ɗan gata shi ne wanda zai yi ɓarna a kau da kai. A Amos 3:2 kuwa Allah cewa yake wa Isra'ila ku kaɗai na sani cikin dukan kabilun duniya, saboda haka zan hukunta ku a kan laifofinku. Wane irin gata ne sakamakonsa bulala? Malamansu ma suna lissafa dokoki 613 a wuyan Bayahude, sauran 'yan Adam kuwa guda 7 na zuriyar Nuhu, kuma sun ce na kirkin sauran al'ummai suna da rabo a lahira. Kalmar "'yan gata" ta dace da habaici, amma a fassara za ta sa musu magana a baki.

Wanda ya ce "shafaffu da mai" ya ba ni dariya, don bai san ya taka wata kalmar ba. Shafaffe shi ne ma'anar Almasihu a asali. Mu bar ta inda take.

Malam, Allah ya ƙara ilimi. "Fifitattu" da ka ciro daga Baƙara aya ta 47 tana da madogara, kuma Dukhan aya ta 32 ta zo da kalmar zaɓi kanta a kan Bani Isra'ila. Mafassara da dama sun ce fifiko ne a kan mutanen zamaninsu. Sai dai wannan karatunmu ne mu Musulmi. In na sa ta a rubutun da ke bayanin abin da Bayahude ya yi imani da shi, na yi masa tafsiri da littafin da ba nasa ba. Ga kuma Maimaitawar Shari'a 7:7 tana cewa ba don yawanku aka zaɓe ku ba, ku ne ma mafi ƙaranci.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai Yahudawan da suka fahimce ta a matsayin fifiko na jini. Yahuda Halebi, mawaƙin Andalus da ya rasu a 1141, ya rubuta littafinsa Kuzari da Larabci, ya kira Isra'ila "safwa", tatacce ke nan, tushe ɗaya da sunan Mustafa. Da aka mayar da littafin Ibrananci, "segulla" aka sa a gurbinta. A ɗaya gefen kuma ga Mordekai Kaplan, wani malamin Yahudawa a New York, wanda a littafin addu'arsa na 1945 ya cire "wanda ya zaɓe mu daga cikin dukan al'ummai" ya sa "wanda ya kusantar da mu ga bautarsa". Wata ƙungiyar malamai masu riƙon gargajiya ta yanke shi daga jama'a, har aka ƙona kwafin littafin. Kun ga ko a cikin gida ba a gama shari'ar ba, don haka kalmarmu kada ta yanke musu ita.

Yayana na Maraɗi, misalinka ya fi duk abin da na karanta. Gandu na gida ne duka, gayauna kuwa, ko gamana kamar yadda kuke cewa, ita ce 'yar gonar da mutum ya ware ta zama tasa. Daidai da ayar Fitowa: duniya duka tasa ce, ga kuma abin da ya ware. Ba zan rubuta "gayaunar Allah" ba, za a ce na zautu, amma kai ka kai ni ga kalmar: keɓewa.

Baba Fasto, na gode da gyara. Gaskiyarka, a coci "zaɓaɓɓu" ta riga ta zauna, kuma ba Yahudawa kaɗai take nufi ba. 1 Bitrus 2:9 ta ɗauki kalmomin Fitowa 19 sukutum ta ɗora wa mabiya Almasihu. Daga nan hanya ta rabu. Tun ƙarni na 2 marubutan Kirista irin su Jastin Shahidi suke cewa ikkilisiya, wato jama'ar Kirista, ita ce Isra'ila ta gaskiya. Wannan ra'ayi Turawa ke kira "supersessionism", na ce mu kira shi aƙidar maye gurbi, kowa zai gane. Manzo Bulus kuwa a Romawa 11 da itacen zaitun ya yi misali: an sare wasu rassa, an ɗauko na jeji, wato sauran al'ummai, an haɗa a jikin kututturen. Manominmu zai ce an yi wa itacen aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ya kuma gargaɗi sabon reshe kada ya yi wa saiwa taƙama, ya ce Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. A kan wannan babi Cocin Katolika ta dogara a 1965 ta ce kada a nuna Yahudawa a matsayin waɗanda Allah ya yasar ko ya la'anta. Sannan ga almajiran John Darby, wani mai wa'azi na ƙarni na 19, waɗanda Baibul mai sharhi na Scofield ya yaɗa ra'ayinsu a Amurka daga 1909. Su a wurinsu Isra'ila daban, ikkilisiya daban, alkawarin ba Isra'ila ƙasa na nan daram, shi ya sa da yawansu ke kallon kafa ƙasar Isra'ila a 1948 a matsayin cikar annabci. Kirista uku, amsa uku.

Ƙanena da ya ce "keɓaɓɓu" na warin killacewa, kamar unguwar da aka kulle Yahudawa a birnin Benis na Italiya a 1516, na ji ka. Maganin yana cikin nahawu: a keɓe mutum daban, a keɓe wa mutum abu daban. Sai a riƙa faɗin wanda aka keɓe wa.

Ga inda na tsaya. Inda asalin ya ce "bahar", zan bar zaɓaɓɓu. Inda ya ce "segulla", al'ummar da Allah ya keɓe wa kansa, a taƙaice keɓaɓɓiyar al'umma. A kanun labari kuwa al'ummar alkawari, tare da "a aƙidar Yahudawa" ko "a wurin wasu Kirista", don a san mai magana.

Na koma wurin telan da sabon rubutun. Ya nuna mini wata shadda a saman kanta, ya ce duk yadin shagon nasa ne, amma waccan ba ta sayarwa ba ce. Na ce haka nake nufi. Ya ce to shi dai har yanzu yana jin ƙanshin mowa a ciki, ya ci gaba da taka kekensa.