Aikina na albashi zai ƙare, ina son in kama sana'a a gida: wane shiri zan yi?

Uwar Biyu, Sabon Gari

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina aikin sakatariya a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Damagaram, kuma an sanar da mu cewa ba za a sabunta mana kwantiragi ba idan shekara ta ƙare. Mun yi shawara da maigidana, muka tsaya a kan in kama sana'a a cikin gida, tun da yaranmu ƙanana ne. Abin da na tara, haɗe da kwasar adashin da nake jira, zai kai jika 400, wato sefa 400,000. Hankalina ya rabu biyu: ko in sayi firiza in riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya, ko in koma ga alkakin da na koya a hannun kakata. Abin da ya fi damuna shi ne na ga mata da yawa a unguwarmu sun fara da ƙarfinsu, amma kafin shekara ta zagayo jarin ya narke, ba sata ba gobara. Me ke cinye shi, kuma me ya kamata in yi a watannin da suka rage mini ina karɓar albashi?

Hajiya Mai Alkaki, Birni

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Abin da ke cinye jarin mace mai sana'a a gida ba wani abu ba ne illa tukunyar gidanta. Ciniki yana shigowa, kuɗin yana cikin gwangwani a ɗaka, sai maigida ya ce ki ara ki yi cefane zai mayar da yamma, yaro ya dawo daga makaranta an ce ya kai dala ashirin, maƙwabciya ta haihu ana jiran gudummuwarki ranar suna. Babu ɗaya a cikin waɗannan da za a kira ɓarna, kowanne haƙƙi ne, amma ba a wuyan jari ya rataya ba. Ranar da za ki koma Kasuwar Dole sai ki tarar kuɗin da ya sayi tiya goma ta alkama ya koma na tiya bakwai, kuma ba za ki iya nuna inda sauran ya shiga ba.

Saboda haka shirin farko ba na kasuwa ba ne, na cikin ɗaki ne. Ki zauna da mijinki tun yanzu, tun babu ko dala a gwangwani, cikin ladabi da girmamawa, ku yanke abin da za ki riƙa sakawa a hidimar gida kowane mako, ku kuma yarda cewa abin da ya wuce haka bashi ne da za a rubuta a biya. Maganar tana da nauyi a baki, amma ta fi sauƙi yau a kan ranar da zai miƙo hannu ki hana shi.

Game da zaɓinki kuwa, ni alkaki zan ce miki, ba don shi ne sana'ata ba kawai. Ba ya jiran wutar lantarki, kuma idan an ɓarza alkamar daidai, kwaɓin ya kwana ya tashi, an soya shi ya yi ja har ciki sannan aka tsoma shi a ruwan sukarin da ya dahu ya yi danƙo, yana yin makonni bai lalace ba. Shi ya sa matafiya Yamai da Agadas suke sayensa tsaraba, shi ya sa kuma garar amarya ba ta cika sai da shi. Garinmu ya riga ya yi suna a kansa, ke naki shi ne ki riƙe hannu ɗaya: wadda ta saya yau, ta dawo bayan wata biyu ta sami irin wanda ta sani.

Mai Lissafi, Garin Malam

Hajiya ta riga ta faɗi babbar magana, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni zan ƙara da abin da alƙalami ya nuna mini a aikina na riƙe lissafin ƴan kasuwa. Malama, mafi yawan masu sana'ar gida suna cire kuɗin alkama da sukari da mai, su kira abin da ya rage riba. Amma gawayi ko gas, da ruwa, da kuɗin niƙa, da leda da robobin zubawa, da adaidaitar zuwa kasuwa da dawowa, da kuɗin waya, duk a cikin wannan ribar suke kwance. Sai kuma wahalarki, wadda kusan kowa ke mantawa. Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a ƙasar nan tun farkon 2024 shi ne sefa 42,000 a wata. Ki ɗauki wannan ma'auni, idan sana'ar ta zauna amma ta kasa biyanki ko da kwatankwacinsa bayan an cire komai, to ko farashin ne bai yi ba, ko yawan abin da kike yi.

Firiza tana kawo kuɗi, amma ki dubi lokacinta. Kasuwar ƙanƙara daga Maris zuwa Yuni take ci, lokacin da zafi ya kai maƙura, kuma a daidai wannan lokacin ne famfo yake ƙafewa a unguwanni da dama, ƴan garuwa su ƙara kuɗin jarka, wuta kuma ta fi yankewa. Ki tuna cewa wani kaso na wutar da muke sha daga Najeriya yake zuwa, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke ta daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Idan sanyin Disamba da Janairu ya shigo, firizar tana nan tana cin wuta ba mai neman ƙanƙara. Ga shi kuma ita kaɗai za ta haɗiye kaso mai yawa na jarinki a rana guda.

Shawarata ita ce kada ki zuba jika 400 ɗin gaba ɗaya. Ki ware abin da zai riƙe buƙatunki na wata uku ki manta da shi, domin ranar da albashi ya tsaya buƙata ba ta tsayawa. Sauran ki fara da kaɗan daga cikinsa tun yanzu, ranakun Asabar da Lahadi, ki kai wa abokan aikinki su ɗanɗana su saya, ki rubuta abin da kowane kwaɓi ya ci da abin da ya fitar. Kafin kwantiragin ya ƙare kin san farashinki na gaskiya, kin kuma sami masu saye na farko. Ki buɗe layin waya na daban don sana'a, kuɗin da masu saye na nesa za su turo ta NITA ko Amana ko Airtel Money kada ya haɗu da na gida. Batun lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci zai taso ne idan kika fara neman kai kaya ofisoshi da wuraren taro, domin su sai da takardar shaidar biya suke aiki. Idan kin kusa kai wa nan, ki je ofishin haraji da kanki ki tambaya, kada ki bi ta hannun ɗan tsakiya.

Tela Ɗan Zango

Yaya, ni a zauren gidanmu nake ɗinki, kuma ina da abu biyu da ban ga an taɓo ba. Na farko lokaci. Mutane suna ɗaukar wanda ke gida a matsayin wanda ba ya aiki, shi ake aike, shi ake kawo wa hira. Ki tsayar da ranakun suya da sa'o'inta, gida ya sani, maƙwabta su sani, ki kuma sami mai riƙe miki yara a lokacin, domin kaskon mai mai tafasa da ƙaramin yaro ba sa zama tsakar gida ɗaya. Na biyu, aikin biki da na salla kada ki taɓa karɓarsa ba tare da kafin alƙalami ba, aƙalla rabin kuɗin, wanda zai sayi kayan aikin. Wanda ya ba da rabi yana dawowa ɗaukar kayansa. Ina kuma ɗan saɓa wa Malam Mai Lissafi a kan firiza: idan alkakin ya tsaya da ƙafarsa, a saye ta daga ribarsa kafin azumi, domin a shekarun nan azumi yana faɗowa kusa da shigowar zafi, kuma cinikin shan ruwa ba ƙarami ba ne.

Uwar Biyu, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na tsaya a kan alkaki, zan fara gwaji a ƙarshen makon nan. Sai dai Inna Hajiya, akwai abin da ke mini nauyi. Ƙannen mijina da matan yayyensa suna yawan zuwa gidanmu, na kuma san za su riƙa ɗauka su ce sai ƙarshen wata. Yaya kuke yi da irin wannan ba tare da zumunci ya taɓu ba?

Hajiya Mai Alkaki, Birni

Ki riga su, ƴata. Duk ranar da kika yi suya, ki cire na kyauta tun kafin ki ƙirga na sayarwa, ki zuba a kwano na daban, ki kuma sa kuɗinsa cikin lissafinki kamar yadda kike sa na gawayi. Wadda ta shigo ki ba ta daga wannan kwanon da hannunki da sakin fuska, tun ba ta tambaya ba. Idan ta miƙa hannu ga na cikin roba, ki ce mata wannan ƙirgagge ne, da kuɗinsa za a sayo alkamar jibi. Idan kuma sai an ba da bashin, ki ɗauko littafin a gabanta, ki rubuta sunanta da adadin da ranar biya tana kallo, kuma kada na biyu ya hau kan na farko. Uwar mijinki ita kaɗai ba ta shiga littafi. Nata ki aika mata har gida duk suya, kuma ki sanar da ita wannan tsari tun kafin kowa ya ji, domin idan ta goyi bayanki, ƴaƴanta ba za su kai ƙararki ko'ina ba.