Ƙuduji ya cinye min dawa, wai saiwar ce ke kiransa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Gonar gado ce, bayan rasuwar mahaifinmu muka yi ta rigimar rabo da ƙannena har sai da mai unguwa ya sa baki, ƙarshe aka bar min tudun. Bana ƙuduji ya rufe dawar, ta tsumbure, ko zangarniya babu. Ɗan wana da ke karatun noma a Samaru ya ce wai saiwar dawar ce ke kiransa. In sayi supa ko in haƙura da gonar?

Malamin Gona: Yaron ya faɗi gaskiya, Alhaji. In ƙasa ta rasa fosfaros, saiwa kan tsatso wani sinadari, sitirigolakton. Ba ƙuduji take kira ba, wani naman gwari ne mai zare-zare a cikin ƙasa. Da ya ji sai ya yi rassa, ya kutsa cikin saiwar, yana jawo mata fosfaros daga nesa, ita tana biyansa da sukari. Masana a Japan suka tabbatar da haka a 2005. Irin ƙuduji kuma yana kwance sama da shekara 10, wannan kiran yake jira ya tsiro. Zuba supa, takin fosfaros ne, saiwar ta rage kira.

Baban Yara: Supa da wane kuɗin? Ni bara na biya kuɗin kamfa, har aka yi girbi ban ga buhu ba.

Ɗan Fadama: Malam, ai an ce in supa ya yi yawa naman gwarin ma ba ya zuwa. Takin gida ya fi. Ko ka shuka waken suya, ƙudujin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Malamin Gona: Ƙasar tudun da ake magana ba ta kai nan ba. Na faɗa, supa. Ya kuma tuge ƙudujin kafin ya yi fure.

Mai tambaya: Na tuge mana! Kuma waken suya za mu tuƙa? Tun kakanmu dawa ake shukawa a gonar nan.

Ɗan Fadama: Ai matsalar ke nan. Wane taki ka sa bara?

Mai tambaya: Ba a nan take ba. Ƙanena ma dawa ya shuka, tasa lafiya lau. Da gangan aka ba ni tudun.

Baban Yara: Irin abin da aka yi min ke nan.