Ɗana ba ya ji sosai, 'yan ajinsu sun sa shi a gaba: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Abba, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na biyu shekararsa 9, yana aji uku a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Tun da ya yi sanƙarau yana ɗan shekara 4 jinsa ya ragu. In kana gabansa yana kallon bakinka zai gane, amma in ta baya ka kira shi sai ka gaji don kanka. 'Yan ajinsu sun haura ɗari, shi kuma can baya yake zama a ƙasa, don manyan ajin sun kame gaba. Sun sa masa suna Bebe. Ranar Talata ya dawo aljihun rigarsa a yage. Da ƙyar ya faɗa min wani ya lallaɓo ya ƙwala masa ihu a kunne, sauran suka ƙwace kuɗin tararsa. Sau biyu ina zuwa wurin malamin ajin, amsar ɗaya ce: "Hajiya, yara ne, sai haƙuri." Haƙurin nan tun bara nake yinsa. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya gaya min inda ya bi.

Baban Ummi, Zariya

Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. 'Yata zabiya ce, ba ta ganin allo sai ta matsa kusa. Sau uku ina zuwa da baki, kowane zuwa a tarbe ni da fara'a, a ce in sha Allahu za a duba, ina juya baya magana ta bi iska. A na huɗu sai na rubuta takarda da Hausa, shafi ɗaya: ranar da aka jefe ta da dutse, abin da ake kiranta da shi, da abu uku da nake roƙo. A zaunar da ita a layin gaba, a bar ta a inuwa lokacin asambuli, a kira iyayen yaran nan biyu. Na yi kwafi biyu, na ce hedimasta ya sa hannu da kwanan wata a nawa. Wallahi nan take fuskarsa ta canza.

Sannan ki nemi shugaban SBMC, kwamitin nan na al'umma da ke sa ido kan makaranta. A namu akwai mai unguwa da liman. Uban ɗaya daga cikin yaran da ya ƙi amsa kiran makaranta, mai unguwa na aika masa sai ga shi da hula a hannu. Kuma ki sani ba alfarma kike nema ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ilimi haƙƙinsu ne ba tare da bambanci ba, kyauta har sakandare. Ban karanta wa hedimasta doka ba, layi ɗaya kawai na sa a ƙasan takardar.

Malama ce ni, Katsina

Ba zan wanke abokin aikina ba, "yara ne" ba amsa ba ce. Amma bari ki ji ta ɓangarenmu. Shekara 14 ina riƙe da alli. Duk zamana a NCE, wato karatun koyon malanta, kwas ɗaya na tuna an yi mana kan ilimin masu buƙata ta musamman, shi ma haddace shi muka yi don jarrabawa. Akwai yaron da na shekara ina zane shi a kan ba ya kula ni, ashe ba ya ji ne. Ranar da kakarsa ta gaya min, na kasa cin abinci.

Ki fara da asibiti. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa gwajin ji, a ba ki sakamakon a rubuce. In da hali akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, aikinsu ke nan. Da wannan takarda ba mai ce miki rashin maida hankali ne. In hedimasta ya yi shiru, sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha. Kada ki tsallake, in kika fara da sama ƙasan za su maido ki. Abin da za ki roƙi malamin kuwa ba ya cin ko sisi: ya zaunar da shi gaba, ya daina bayani fuskarsa na kallon allo, ya haɗa shi da yaro mai hankali da zai riƙa nuna masa shafin da ake.

Kawun yara

Ni dai kada ki yi irin tawa. Ɗan ƙanwata yana da in'ina, wani ƙato a ajinsu kullum sai ya kwaikwaye shi. Na tare shi a bakin get na sharara masa mari. Ofishin 'yan sanda muka ƙare, ni na ba da haƙuri, ni na biya kuɗin magani, yaronmu kuma aka ƙara masa suna na biyu.

Ɗan'uwanku kurma, Jos

Yaya, ni abin ya faru a kaina, ina ɗan shekara 7 na rasa ji gaba ɗaya. Ban yarda da a ce zama a gaba ya wadatar ba. Shekara uku na yi a layin gaba ina kwafar abin da ke allo kamar mai zane, ban san me nake rubutawa ba. Sai da aka kai ni makarantar kurame na koyi maganar hannu, a nan na fara sanin ashe ina da ƙwaƙwalwa. Daga baya na yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, yau ni ma koyarwa nake. Tunda a Kano kike, ki je makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ki gani da idonki, ko ba za ki mai da shi can ba. In gwaji ya nuna sauran jinsa da yawa, to ya zauna inda yake. In kuwa raguwa yake, kada ki jira ya kai aji shida. Kuma ku ma a gida ku koyi hannun. Babban ciwona ba 'yan makaranta ba ne, a zauna ana hira ana dariya a tsakar gidanmu ni ina kallon bakuna.

Maman Husna, Gusau

Ni ban yi nasara ba, gara in faɗa. Husna farfaɗiya gare ta. Ta faɗi a aji sau ɗaya, kowa ya watse har da malamar, wai yawunta na yaɗa cutar, alhali likita ya ce sam ba a ɗauka. Iyaye suka ce ko ita ko 'ya'yansu. Ban san da wani kwamiti ba a lokacin, na cire ta. Shekara biyu ke nan tana gida, Islamiyya kawai take zuwa. Baban Ummi, ko za ka turo min yadda ka tsara takardar?

Maman Abba, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya babansa ya kai takarda, an sa hannu a kwafinmu. An dawo da Abba layin gaba, shugaban kwamiti ya ce zai zauna da iyayen yaran ranar Asabar. Yau dai bai ce cikinsa na ciwo ba, amma na ga ya ɓoye kuɗin tarar a cikin safa. Asibiti sun ba mu ranar gwaji sai wata mai zuwa. Malam na Jos, maganarka ta tsakar gida ta hana ni barci. Wa ya san inda babba zai koyi maganar hannu a Kano da yamma, bayan an taso daga aiki?