Askar kakana na barin min ƙuraje a wuya, ina nake kuskure?

Ɗan Yakasai:
Assalamu alaikum jama'a. Kakanmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, da aka buɗe akwatinsa aka tarar da aska mai naɗewa, ƙotarta baƙa, an nannaɗe ta cikin tsumma. Shi ba wanzami ba ne, ɗinki yake yi, amma da ita yake gyara fuskarsa duk safiyar Juma'a. Babu wanda ya nuna yana so, na ɗauka.

Ni gemuna ba na taɓa shi. Wuya ne da saman kumatu nake son su fita fes, don na gaji da zaman shago ana jiran a kawo wuta ko a tada inji saboda gyaran minti biyar. Sau huɗu ke nan ina gwadawa. Yadda nake yi: in wanke fuska da ruwan randa, in goga sabulun wanka, in fara daga ƙasan maƙogwaro in yi sama, ina dannawa sosai don gashin ya fita daga tushe. Ranar dai sumul. Kafin kwana biyu wuyana ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ga raɗaɗi in na yi alwala. Satin da ya wuce har na yanke ƙarƙashin haɓa, jini ya ɓata min wuyan farar shadda. Matata ta ce in mayar da askar cikin tsummanta. Kafin in bi maganarta, ko akwai wanda ya san hannu?

Jikan Wanzami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan tsoho. Ni a gidan wanzanci na tashi a Ƙofar Wambai, na riƙe wa mahaifina zabira shekara da shekaru kafin in koma kasuwa, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Ba aski kake yi ba, kankara kake yi. Kuma abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ban ji ka ambaci washi ba. Askar da ta kwana cikin akwati wata da watanni ba ta da bakin da za a ɗora wa fata, ko da ka ga tana ƙyalli. Ita ce ma ta sa kake dannawa, don dakusasshiyar aska sai an tilasta mata. Ka kai ta wurin wanzami, ba mai washin wuƙaƙen mahauta ba, ya gyara mata baki a kan dutse mai laushi. Bayan nan duk ranar da za ka yi aski ka goga ta a jikin fata. Tsohon bel na fata ma ya isa. Ka ɗaure shi a ƙusa, ka ja shi ya miƙe, ka kwantar da askar, bayanta ne zai riƙa yin gaba, bakin yana biye. In ka kai ƙarshe ka juya ta ta bayanta, ba ta kan baki ba. Kamar sau 30. Gwajinta kuwa gashin hannunka: in ta ɗauke shi ba tare da ta ja ba, ta yi.

Sai ruwa. Ka taɓa lura wanzami yakan daɗe yana murza kan mutum da ruwa kafin ya zaro aska? Yara kan ɗauka hira ce ta ɗauke masa hankali. Ba hira ba ce, busasshen gashi ƙarfi gare shi kamar waya, in ya sha ruwa sai ya yi laushi. Ka yi askinka bayan wanka da ruwan ɗumi, ko ka tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi ka ɗora a wuya minti uku. Sabulun wanka yana saurin bushewa a fata, balle yanzu da hunturu ya shigo. Mu sabulun salo muka sani. In kumfar ta bushe kafin ka iso wurin, ka sake jiƙawa, kada ka ce bari in ƙarasa.

Riƙo kuma, kada ka tsayar da ita kamar mai yanka albasa. Ka kwantar da ita a fata, sannan ka ɗaga bayan kaɗan, misalin kaurin bayan askar sau biyu. Ɗaya hannun ya ja fata ta miƙe. Ja gajere-gajere, hannu sakwa-sakwa, nauyin askar kansa ya isa. Kuma kada ka kuskura ka ja ta a tsaye ta bi tsawon bakinta, nan ne ake yankewa. Ina kyautata zaton abin da ya same ka a haɓa ke nan.

Aminu Mai Shago:
Baba ya gama magana a kan washi da ruwa, ba ni da abin ƙarawa. Amma Baba, da izininka, a wuri ɗaya zan saɓa maka, wato jan fata. A kai da kumatu haka ne. A wuya kuwa, in aka ja fata sosai aka aske, da an saki sai gashin ya koma ƙarƙashin fata. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ba miƙaƙƙe ba, in ya tashi tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fata. Ƙurajen ke nan. Shekarata 11 ina aski a Titin Gidan Zoo, masu wannan matsalar kusan duk masu cewa "a yi min sumul" ne.

Ɗan'uwa, ka bar gashin kwana uku, ka shafa da yatsa ka ji inda ya kwanta. A wuya ba hanya ɗaya yake bi ba, wani ya yi ƙasa, wani ya yi gefe, kusa da maƙogwaro ma har zagaye yake yi. Ka bi kwanciyarsa, sau ɗaya tak. Daga ƙasa zuwa sama da kake yi, a mafi yawan mutane saɓa wa kwanciyar gashi ne. Wajen ƙashin maƙogwaro kuma ka ja fatar gefe kaɗan ka aske a inda yake shimfiɗe.

In washi ya gagare ka, akwai askar da muke aiki da ita a shago, wadda ake karya reza biyu a saka rabi. Ana samunta a Sabon Gari wurin masu kayan aski, Tiger ko Dorco duk suna shiga. Sai dai ta fi ta kakanka saurin yanka mai koyo, don bakin reza siriri ne, ba ta yafiya.

Jikan Wanzami:
Aminu, na karɓa. Mu kai muka fi askewa, tal kwabo, wuya kuwa ɗan shafawa ne. Allah ya yi albarka.

Maman Hanif:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maigidana ya sha fama da irin wannan. Malam, kafin ka gwada duk abin da suka faɗa, ka ajiye askar tukuna sati uku zuwa huɗu, ƙurajen su kwanta. In ka bi ta kansu da aska fasa su za ka yi, su bar maka baƙin tabo, wasu ma fatarsu kan yi tudu ta ƙi komawa. Kada ka tsige gashin da ya nutse. In ka hango shi ya yi lanƙwasa a saman fata, ka ɗago bakinsa kawai da tsaftatacciyar allura ka bar shi. In ƙurjin ya tara ruwa ko ya kumbura yana zafi, asibiti za ka je.

Abu na biyu, ina roƙonka, askar nan ta zama taka kai kaɗai. Kada ƙane ko aboki ya ara. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe, jinin da ido ma ba ya gani. In ka kai wa wanzami washi, ka wanke ta da sabulu ka goge da sifirit in ta dawo. Akwai rigakafin cutar, wanda bai yi ba ya je ya yi.

Sifirit ɗin na aska ne, ba na wuyanka ba. Shi da turare busar da fata suke yi. Ruwan sanyi, sannan man kaɗanya ɗan kaɗan.

Aminu Mai Shago:
Hajiya, alif fa? Muna jiƙa shi mu goga wa mutum in an ɗan yanke shi.

Maman Hanif:
Yana tsayar da ƙaramin jini, amma dunƙule ɗaya da ake goga wa kowa a shago shi ma hanyar cuta ce. A gida, nasa shi kaɗai, babu laifi. Ya ɗauraye bayan minti ɗaya.

Ɗan Yakasai:
Na dawo da rahoto. Na haƙura sati huɗu kamar yadda Hajiya ta ce, har abokan aiki suna tambaya ko lafiya. Na kai askar wurin wani dattijon wanzami da ke zama bakin Kasuwar Rimi. Da ya ɗaga ta a rana sai ya nuna min ƙananan giɓi biyu a bakinta da ban taɓa gani ba, ya ce da wannan nake yanka kaina. Ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, wai askar tsoho ce.

Juma'a biyu ke nan ina yi bayan wanka, da sabulun salo, ina bin kwanciyar gashi sau ɗaya. Gaskiya in na shafa da hannu ina jin ɗan kaushi, bai kai sumul ɗin da ba, amma a ido fes yake, kuma ƙurji biyu kawai suka fito, a gefen hagu inda gashin ya yi zagaye. Hagun nan dai har yanzu hannuna rawa yake. Baba Jikan Wanzami, in za ka aske ɓangaren hagu, hannu kake sauyawa ko da daman kake ƙetarawa? Kuma bel ɗina na lura ba fata ba ce ta gaske, tana ɓarewa. Gobe in sha Allah zan shiga Kurmi wurin dukawa, wane irin kauri zan ce su yanko min?