An kira ni aikin duba inganci a kamfanin casar shinkafa, me zan tarar?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Bara na gama difloma kan aikin ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano ya kira ni sashen duba inganci. Kawuna ya ce zaman banza ne, gara in nemi aikin kan inji. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara tara na yi a wannan aiki, kuma ban san zama ba. Tirela na shigowa da shanshera kai za ka fara hawa. Ka ɗebi samfuri daga buhunan sama, na tsakiya da na can ƙasa, don jiƙaƙƙiyar a ƙasa ake ɓoye ta. Sai ka zuba a na'urar auna danshi. Abin da ake so kashi 14 cikin 100 ne ko ƙasa da haka. In ya haura aka jibge ta a sito, zafi za ta ɗauka, ta yi rawaya, ta yi fumfuna.

Bayan casa kuma ka auna giram 100, ka baza a farin faranti, ka ware karyayya da baƙar ƙwaya da tsakuwa. Ranar da karyayya ta yi yawa, je ka duba busarwa. Sau da yawa an gaggauta ta ne bayan turarawa, ƙwayar ta tsattsage.

Na taɓa mayar da mota guda, danshinta 19. Dillalin ya biyo ni har ƙofar masallaci da ambulan, manaja kuma na ta faɗa inji ya tsaya. Littafina ne ya cece ni: lambar mota, lokaci, abin da na'ura ta nuna, da sa hannun direba.

Maman Ilham:
Ni a kamfanin fiya wata nake a Sharaɗa. Kullum da safe sai na auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, dole ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, in matsa leda in ga ko bakinta ya liƙe. Kowane zubi muna ajiye samfurinsa da kwanan wata. Jami'an NAFDAC in sun zo, takardun da muke rubuta waɗannan gwaje-gwaje suke fara tambaya, haka ma na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. Ka karɓa, ɗan'uwa. Wanda ya iya a shinkafa ba zai sha wuya a kamfanin man girki ko na fulawa ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka muku da alheri. Litinin zan fara in sha Allah. Yaya, in direba ya ƙi sa hannu fa, ya ake yi?

Tsohon Ma'aikaci:
Kira mai kula da sikeli, ka sake aunawa a gabansa, shi ya sa maka hannu.