Manhaja ta buɗe, amma wakili bai amsa ba

Ranar Asabar a unguwar Nima da ke Accra, bayan la'asar, wani ƙanenmu ya kawo kuka: manhajar Mac da yake rubutawa da harshen Swift tana tashi, amma applicationDidFinishLaunching, aikin da ya kamata a kira da zarar manhaja ta gama tashi, ko motsi. Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka taru don duba matsalar.

Inda aka fi daɗewa shi ne wakili, wato AppDelegate, ɓangaren manhaja da aikin nan yake ciki. Yaron ya goge MainMenu.xib don yana son gina taga da hannunsa, bai san a cikin fayil ɗin ne ake ɗaura wakili da NSApplication, wanda ke tafiyar da manhajar, ba. Babu ɗauri, babu kira, kuma Xcode, inda ake rubuta manhajar, ba zai ce uffan ba. Maganin shi ne ya ƙirƙiri fayil main.swift, a ciki ya ƙirƙiri wakilin, ya miƙa shi ga NSApplication.shared tun kafin ya kira run, sannan ya cire NSMainNibFile, layin da ke nuni ga MainMenu.xib, daga fayil ɗin saiti Info.plist.

Wata yayarmu ta ƙara abin da na fi yarda da shi: NSApplication riƙon sako-sako yake wa wakili. In ka ƙirƙire shi cikin wani ɗan aiki da ke ƙarewa, tsarin zai share shi kafin a kira shi. A ajiye shi inda zai rayu har manhaja ta rufe.

A kuma duba yadda aka rubuta applicationDidFinishLaunching, domin tun Swift 3 a 2016 salonsa ya canza, tsohon kuwa ba a kiransa. Mai gina manhaja da tsarin SwiftUI kuwa, NSApplicationDelegateAdaptor zai nema don ɗaura wakili.

Da yaron ya gyara main.swift, tagar ta fito kafin kiran magariba.